Ziyarar Ɗaurarre ta Bidiyo a Kurkukun Gunduma a Amurka

Kurkukun gundumar da ake tsare da ƙanena a Amurka ya daina barin iyali su ga ɗan'uwansu ido da ido, sai dai ta allon bidiyo. Rajista a intanet ba ta da wahala, kuma jami'in da ya duba katin shaidata ya karɓe ni cikin mutunci. Sai dai hoton yana yawan tsayawa, kyamarar kuma tana saman allon, saboda haka ko muna duban juna idanunmu ba sa haɗuwa. Mai kira daga gida dole ya biya kuɗi, wanda a ganina bai dace ba, tunda yawancin waɗanda ke irin wannan kurkuku ba a yanke musu hukunci ba tukuna.