Dutsen Kamaru ko Tsaunukan Alantika

Ga mazaunin Garwa a arewacin Kamaru mai son hawan dutse, zuwa gandun dajin Dutsen Kamaru da ke kusa da garin Buea a kudu maso yammacin ƙasar yana buƙatar dogon shiri. Akan je Ngaundare a hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, a ƙarasa da mota, sannan a ɗauki ɗan jagora, domin tsayin dutsen ya haura mita 4,000, kuma sanyin ƙololuwarsa yakan galabaitar da wanda ya saba da zafin Garwa da ke bakin kogin Binuwai. Ga kuma matsalar tsaro a yankin Buea.

Tsaunukan Alantika kuwa, kusa da gandun dajin Faro a arewacin Kamaru, ana isa gare su ta garin Poli, ba su kai mita 2,000 ba, kuma hanyoyinsu suna ratsa ƙauyukan ƙabilar Koma. Waɗannan tsaunukan zan zaɓa wa sabon shiga hawan dutse, tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin zafin bazara ya kankama.