Madubin kallon taurari da na siyo wa auta, ga yadda muka same shi

Da farko na ɗauka ɓarnar kuɗi ce, amma auta ta hana ni sakat tunda malaminsu ya ce musu Zara matar wata ba tauraruwa bace, duniya ce kamar tamu. Sai na shiga wani shago a Ahmadu Bello Way na ɗauko ƙarami mai bakin milimita 70.

Ƙafafunsa dai basu da ƙwari, iska kaɗan ta kaɗa abin da ka saita ya gudu, kuma in hazo ya sauko kar ma ka wahalar da kanka. Mu nan Tudun Wada daren da aka ɗauke wuta yafi yi mana kyau.

Amma ranar da muka kamo Zara bayan magariba muka ganta kamar jinjirin wata, wallahi har ni sai da tsigar jikina ta tashi. Auta ta ce Baba akwai mutane a can? Nace ina, girmanta kusan ɗaya da tamu amma zafinta ya haura digiri 460, har dalma narkewa take, kuma ba kusancin rana kaɗai ya jawo ba, iskarta ce mai kauri kusan duk kabon dayoksaid, ta lulluɓe ta kamar bargo zafi ya shiga ya kasa fita, nauyin iskar ya ninka namu sau 90. Ita ko duniyar Mas ɗigo ja kawai madubin ya nuna, can kuma sanyi ne wajen digiri 60 ƙasa da sifili, iskar bata kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, ruwa baya iya kwanciya. Tamu Allah ya ajiye ta wajen kilomita miliyan 150 daga rana, inda ruwa ke gudana, ga maganaɗisun da ke kare mu daga abin da rana ke fesowa. Yarinyar nan shiru tayi tana kallon randar tsakar gida.

Mushtari, wato duniyar Jupiter, ya fito da watanninsa huɗu a jere, ɗaya shine Yuropa da masana ke kyautata zaton akwai teku ƙarƙashin ƙanƙararsa.

In zaka siya ka ƙara kuɗi ka nemi mai ƙafafun ƙarfe, kuma ku fara da wata, shi yafi sauƙin kamawa.