Dish na kyauta, waya, ko mimori: wanne ya fi sauƙi ga mai gida a ƙauye?

Wani ɗan uwa daga wani ƙauye a yankin Ringim ya tambaya cewa kuɗin wata na dikoda ya fi ƙarfinsa, iyali kuma sun saba da kallo, shin ya koma dish na kyauta ne ko ya dogara da waya. Malam, amsar tana rataye ne a kan abu biyu: mutum nawa ne za su zauna kallon, da kuma irin wutar da kake da ita. In gida ne mai mata da yara, dish na kyauta ya fi waya nesa ba kusa ba.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: dish mai faɗin santimita 90, LNB na Ku (kan da ake ɗaurawa a gaban dish yana kamo sigina), wayar dish mai suna RG6 kamar yadi 15 zuwa 20, kawunan F guda biyu na haɗa bakunan wayar, sai risiba, wato akwatin da ke kai hoto talabijin. A wajen risiba ake yawan cutuwa. Ka duba jikin kwalin ka ga an rubuta DVB-S2 da MPEG-4, domin tsohuwar risiba mai MPEG-2 za ta kama sunan tasha amma ba hoto, ko murya kawai ta fito. Sau ɗaya za ka biya, daga nan babu kuɗin wata.

Ka gaya wa mai ɗaurawa irin kallon da kake so kafin ya hau katanga. Tashoshin Hausa irin su Arewa24 a kan tauraron ɗan'adam mai suna Eutelsat 16A ake neman su, wanda ke digiri 16 gabas. Daga Kano da Jigawa dish ɗin zai kalli kudu ne, ya ɗan karkata gabas, ya kuma ɗaga sama sosai, domin tauraron kusan a bisa kanmu yake. Tashoshin Larabawa, da masu nuna Harami kai tsaye, suna kan Nilesat a digiri 7 yamma, wato kudu maso yamma, su kuma sun fi son dish babba. Mai son duka biyun sai ya kafa dish biyu ya haɗa su da ɗan akwatin DiSEqC, waya ɗaya ta shiga ɗaki.

Abin da ke lalata wannan tsari galibi ba risiba ba ce. Na farko, kafa dish a jikin katangar ƙasa: damina ɗaya ta isa ƙusoshin su saki, iskar farkon damina ta juya shi, kuma gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta ɗauke hoto. A kafa bututun ƙarfe a ƙasa da siminti ya fi. Na biyu, ruwa yana bin kan F ya shiga waya ya yi tsatsa, don haka a naɗe wurin da salatif, a bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki. Na uku, a shafin saitin risiba layi biyu ne, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yana iya cika ko da dish ɗin bishiya yake kallo, na inganci shi ne abin lura. In hadari ya haɗu hoto ya ɗauke, kada a taɓa komai, zai dawo da kansa.

Wayar hannu kuwa tana ba ka abin da dish ba zai ba ka ba, wato zaɓi. Masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango da yawa suna ɗora su kyauta a YouTube, ka kalli na makon da ka ga dama. Sai dai kyautar ta tsaya ne a fim, data kuɗi ce. A kan saitin kyawun hoto na 360p awa ɗaya tana cin kusan megabayit 300, a kan 720p tana kaiwa gigabayit ɗaya ko fiye. In ka bar saitin a kan na kansa, da zarar sabis ya yi kyau zai haura sama ya kwashe datar ba ka sani ba. Ka saita shi da hannu a 240p ko 360p, a fuskar waya ba wani bambanci mai yawa. Masu dabara suna sayen datar dare su sauke abin da za a kalla gobe, musamman a ƙauyen da sabis ba ya tsayawa sai mutane sun kwanta. Ka lissafa awa biyu kullum a 360p, za ka ga kusan gigabayit 18 ne a wata, ka ga an koma gidan jiya, kuɗin wata ne da wani suna. Waya ta mai kallo shi kaɗai ce, ko ƙari a kan dish.

Tsakanin biyun akwai mimori da filash, wanda masu turi ke cikawa a ranar kasuwa. Ba ya buƙatar sabis, kuma yawancin risiba da talabijin na yanzu suna da ramin USB. Ka ce a tura maka fim mai tsarin MP4, domin wasu talabijin ba sa karanta MKV, sannan filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Mimorin jabu ya yi yawa: a rubuta 32, ya cika a 4, sauran fina-finan su ƙi buɗewa. A gwada na ƙarshen da aka tura tun a gaban mai shago. Mu dai shawararmu mai gida ya fara duba abin da aka zuba kafin ya miƙa wa yara, kuma a tuna sabon fim da aka tura ba da izinin masu shi ba haƙƙin wasu ne.

Eriya ta sama ita ce mafi araha, amma sai wanda ke kusa da Kano ko Dutse zai more ta, ya kama NTA da ARTV ko JTV, in an ɗaga ta a kan doguwar gora.

Sai maganar wuta. Talabijin LED mai inci 32 tare da risiba suna cin kamar wat 60. Batir mai 100Ah, in rabinsa kawai kake ja don ya daɗe, zai riƙe su kusan awa goma, fanel na wat 150 kuma zai mayar da abin da aka ci a daren jiya in rana ta fito sosai. In za ka sayi sabo, nemi talabijin da risiba masu aiki da 12V kai tsaye, ka huta da inbata. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kuwa ta janareta ce.

Yawancin wasannin ƙwallon Ingila ba sa cikin na kyauta. Risibar da ake tallata cewa tana buɗe komai sai da data take aiki, kuma ranar da aka rufe layin da take sata babu wanda za ka riƙe. Mai son ƙwallo ya ware kuɗin gidan kallo na Asabar da Lahadi.