Dattijon da ya gyara lagireton tsohuwar Massey ɗinmu a Damagaram

Masu walda a Damagaram ba su ƙirguwa, amma wanda zai karɓi lagireton tagulla na taraktar da ta haura shekara 50 ya yi masa aikin kirki, sai an tona. Wanda nake nufi wani dattijo ne mai rumfar kwano a bayan layin makanikai, ba allo ba lambar waya a bango. Tsoffin direbobi ne suka kwatanta mini shi.

Taraktarmu Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins na dizal, silinda uku, ƙarfin doki wajen 45. Mahaifinmu ya bar mana ita. Da damina tana huɗa a gonakinmu na wajen Mirya, da rani ta ja tirela ta kwaso taki. A bazarar nan ta fara shan ruwa. Ka cika da safe, kafin hantsi allurar zafin inji ta hau ja, ga wani ɓawo kore-kore a bakin tankin sama. A watan Afrilu da zafin garin nan ke wuce digiri 40, injin da ruwansa ke tsiyaya ba ya kai azahar.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wani garin barkono, wani garin taba. Wani mai walda kuma ya ce in kawo ya kunna masa wutar gas, nan take a gama. Da na faɗa wa dattijon sai ya girgiza kai. Lagireton wancan zamanin, bututansa da tankunansa da dalma aka haɗa su, ita kuwa dalma tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba. In ka sakar masa wutar walda a wuri guda, haɗin da ke kewaye duk sai ya saki, ka toshe ɓula ɗaya ka buɗe biyar. Ƙwai da barkono kuma ba su san ramin da ya kamata su toshe ba, har bututu masu lafiya suke liƙewa.

Na ce, “Baba, nawa za ka yi mini?” Ya ce, “Ɗana, ban ga ciwo ba, yaya zan yanke maka kuɗin magani?”

Gwajin da ya yi shi ya sa na saki jiki da shi. Ya toshe bakin sama da na ƙasa da guntun tiyub, ya ɗaure tam, ya hura iska kaɗan da famfon keke, ya nutsar da lagireton a rabin duro na ruwa. Kumfa ta taso a wuri uku: a haɗin tankin sama da na riga na sani, a gindin wuyan da murfi ke zama, da kuma can tsakiya inda wani bututu ya ruɓe. Biyun ƙarshen nan ido bai taɓa kama su ba. Ya sa alli ya zagaye kowanne, sannan ya yi kuɗi.

Bai tsaya a liƙi ba. Ya bi bakin tankin sama da wuta a hankali har ya ɗago shi gaba ɗaya, ya kira ni in leƙa. Kusan rabin bututun sun cushe da farin dutse, aikin ruwan rijiya na shekara da shekaru. Ya jiƙa shi a ruwan soda, sannan ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai faɗi ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya yana zurawa har ya fito ta ƙasa. Aiki ne mai cin rai, don in hannu ya yi nauyi tagullar da ta tsufa sai ta yage, shi ya sa ba ya bar wa yaransa wannan. Ya ce soda ta tagulla ce kawai, in aka jiƙa lagireton alminiyam a ciki cinye shi za ta yi. Bayan nan ya goge bakin haɗin har ya yi ƙyalli, ya shafa asid, ya zuba sabuwar dalma, ya sake nutsar da shi a duro a gabana. Ko ɗigon kumfa babu.

Bututun da ya ruɓe, matse shi ya yi ya toshe sama da ƙasa. Wannan bai yi mini daɗi ba, don kowane bututu da aka kashe ragi ne a sanyaya inji. Ya ce guda ɗaya ko biyu ba komai, amma ranar da suka yi yawa shi da kansa zai ce in nemo sabon ciki. Na yarda, tunda bai ɓoye mini ba.

Inda ya fi sauran shi ne tambayar abin da ya fasa haɗin tun farko. Ya ce a kawo masa murfin. Ashe na mota ne wani ya taɓa ɗaurawa, mai riƙe matsi wajen bar 1, alhali na irin wannan tarakta kusan rabin haka yake riƙewa. Duk lokacin da inji ya ɗau zafi, tsohuwar dalma ce ke shan matsin. Robobin da lagireto ke zama a kansu kuma sun mutu, ƙarfe na bugun ƙarfe a kan kunya. Ya yanko wasu daga tsohuwar taya, ya ce in ban canja murfi ba kada in dawo masa da ƙara.

Aibunsa shi ne lokaci. In ya ce gobe, ka ƙara masa kwanaki. Ranar da famfo bai kawo ruwa ba, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, aiki ya tsaya sai ka biya mai ga-ruwa daga aljihunka. Ba ya kwancewa ba ya ɗaurawa, sai ka zo da bakanikenka. Ba ya sayar da tiyo ko murfi, nawa sai da na yi saƙo Kano. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke taɓa soda da asid hannu tsirara, a kuma watsa ruwan a bakin rumfa inda awaki ke wucewa. Na yi masa magana, ya ce haka ya koya.

Jika 18, wato sefa dubu 18, na biya, ban da ruwa. Sabon lagireto ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma da yawan na yanzu alminiyam ne mai tankin roba, wanda in ya tsage wannan dattijon ma ba ya karɓa. Tun da aka mayar, taraktar ta yi huɗa wuni guda allura ba ta wuce tsakiya ba. Yanzu ruwan sama muke tara mata a duro, mu haɗa da ruwan lagireto na kanti saboda tsatsa, kuma kowace yamma direba yana kakkaɓe ƙaiƙayi da ƙura daga raga.

Mai irin wannan tarakta ko tsohon injin ban ruwa, ya kai masa tun a Maris ko Afrilu, don da zarar hadari ya fara haɗuwa a Yuni rumfar cika take. Ya tafi da murfin da tiyo biyun, zai ce a nuna masa. Ya kuma kauce wa Alhamis, ranar kasuwa, lokacin motocin ƙauye ne ke cinye masa wuni.