Motar da ke daɗewa a ajiye: me za ka saya don kada batir ya mutu?

Ko an kashe komai, batirin mota yana sauka. Agogo, ƙwaƙwalwar mota, ƙararrawar ɓarayi da tiraka (na'urar gano inda mota take) duk suna jan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana, ga zafin bazara da ke ƙara masa saurin zuƙewa. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 a mita. Idan ya daɗe ƙasa da 12.4, wani farin gishiri yakan fara manne wa farantan dalmar da ke ciki, daga nan ko an yi masa caji ba zai riƙe wuta kamar da ba.

Tayar da mota a tsaye na minti biyar duk mako ɓarnar mai ce kawai. Sai an yi tafiyar kusan rabin awa kafin batir ya samu abin kirki.

Idan motarka tana kwana kusa da soket, ƙaramar caja mai kula da kanta, irin ta CTEK ko NOCO, ita ce zaɓina na farko. Tana cika batir, sannan ta rage wuta ta riƙe shi a cike ba tare da ta ƙona shi ba. Mai amp 1 zuwa 5 ta wadatar. Ka tambayi mai shago abu biyu: idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, tana ci gaba da kanta ko sai an danna? Kuma tana da saitin AGM (rufaffen batir da ba a ƙara masa ruwa), idan irin batirinka ke nan? Tsohuwar caja mai nauyi wadda ba ta yanke kanta, kada ka bar ta a jone, tafasa ruwan batir za ta yi.

Inda wutar NEPA ba ta da tabbas, ko motar tana waje, sola ta fi dacewa da mu. Faranti mai watt 10 zuwa 20 ya isa, amma lallai da kwantirola, wato na'urar da ke hana caji wuce kima, tsakaninsa da batir. Idan farantin yana cikin mota, gilashi mai tinti yana rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu ma haka, sai ana gogewa. Kuma kada ka dogara da ramin kunna sigari, domin a motoci da yawa yana mutuwa da zarar an cire makulli. A haɗa kai tsaye da batir, da fiyus.

Mafi arha shi ne makunnin yanke batir da ake ɗaurawa a kan batir mai alamar (−). Sai dai tiraka da ƙararrawa za su rasa wutar mota, rimot ba zai buɗe ƙofa ba, saitin rediyo zai goge. Ƙaramin akwatin tayar da mota na lithium kuwa na ranar da ta ƙi tashi ne, ba ya hana batir lalacewa.

Kafin ka kashe kuɗi, mai wayarin ya auna maka wutar da motar ke ja a kashe. Idan ta wuce milliamp 50 sosai, akwai abin da ke shan wuta, shi za a fara gyarawa.