PropBank: watanni na ina aiki da shi, ga yadda na same shi

To jama'a, wasu sun ta tambaya ta wai wane irin aiki ne nake kwana a kai gaban laftof, shi ne na ce bari in faɗi ra'ayina kan kayan aikin da na fi buɗewa kullum, wato PropBank, wani kundin aikatau na Turanci da ma'anoninsu da aka shirya don kwamfuta. Wani ɗan kamfani ne ya ba mu aikin yi wa jimlolin Turanci lamba, a nuna wa kwamfuta waye ya yi, me aka yi wa wa, da wace ma'ana aikatau ya zo a wannan jimlar. Da farko na ɗauka wasa ne, ai na yi nahawu a makaranta, aikau da karɓau ba baƙi ba ne a wurina. Ashe ban sani ba.

Shi PropBank aikin su Farfesa Martha Palmer ne, an fara shi a jami'ar Pennsylvania, takardar da ta yi bayaninsa ta fito a 2005, daga baya aikin ya koma jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka. Kowane aikatau yana da fayil nasa, a ciki an raba ma'anoninsa an ba kowacce lamba, sannan kowace ma'ana an jera masu taka rawa a cikinta, Arg0 (galibi mai yi), Arg1 (wanda abin ya faɗa wa), Arg2 haka dai. Fayilolin kyauta ne suna nan a shafin intanet na GitHub, akwai kuma shafin Unified Verb Index da kake rubuta aikatau ya kawo maka abin da PropBank da VerbNet da FrameNet (wasu kundaye biyu masu kama da shi) suka ce a kai wuri guda.

Ranar farko na sha kunya. An ba ni "The window broke" sai na yi caraf na liƙa wa tagar Arg0 tunda ita ce a gaba, ita ce aikau. Mai duba aikinmu ta dawo min da shi ta ce malam, tagar ce ta fasa kanta? Sai da na buɗe fayil ɗin "break" na ga ashe abin da ya fashe Arg1 ne ko da yaushe, ko an ce John ya fasa taga ko an ce taga ta fashe, matsayinta a jimla bai dame su ba, abin da ya same ta shi ne magana. Abin dariyar kuma mu Hausawa mun riga mun san wannan tun muna yara, mu ne fa muke cewa ya fasa tulu, tulu ya fashe, ya karya sanda, sanda ta karye. Harshenmu yana canja wa aikatau siffa ya nuna maka, Turanci kuwa kalma ɗaya ce ya bar ka da ita ka yi ta lalube. Tun daga ranar in jimla ta rikita ni sai in faɗe ta da Hausa a raina, in ga fasa ce ta fito ko fashe, wallahi dabarar nan ta cece ni ba sau ɗaya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa tsattsage ma'ana fiye da kima. Ka duba "decline", ma'ana ta 01 ita ce raguwa sannu a hankali, kamar farashi ya sauka, nan akwai abin da ya ragu da yawan ragin da inda ya taso da inda ya tsaya, ta 02 kuma ƙin karɓa ce, mai ƙi da abin da aka ƙi, shi ke nan. Ƙa'idarsu ita ce sai jerin masu taka rawa ya bambanta sannan a buɗe sabuwar lamba. Ka buɗe WordNet, ƙamus na kwamfuta da jami'ar Princeton ta haɗa, ka duba "break" ka ga ikon Allah, ma'ana sama da 50 a matsayin aikatau kaɗai, wasu in ka karanta su sau uku ma ba za ka iya rantsuwa kan bambancinsu ba, ga aiki ana jira ga caji yana ƙarewa. WordNet ɗin yana da amfaninsa ban ce ba, amma ga mai liƙa lamba jimla bayan jimla ya yi yawa.

Sai dai fa akwai inda yake gajiyar da mutum. Arg0 da Arg1 suna da ɗan tabbas, mai yi da wanda abin ya faɗa wa, amma daga Arg2 zuwa sama kowane aikatau da nasa sarautar. A "give" Arg2 shi ne wanda aka ba, a "decline" ta farko kuma Arg2 yawan ragin ne, babu yadda za a yi ka haddace, dole ka koma fayil kowane lokaci. VerbNet ya fi shi a nan don shi sunaye yake ba su kamar Agent (mai yi) da Theme (abin da aikin ya shafa) da Recipient (mai karɓa), ya kuma tara aikatau gida gida bisa rabon da masaniyar harshe Beth Levin ta yi a 1993, ko da yake shi ma sai ka zauna ka koyi gidajen.

Na biyu kuma misalan. Asalin rubutun da aka fara yi wa lambar labaran jaridar Wall Street Journal ne na 1989 da ke cikin Penn Treebank, wani tarin jimlolin da aka fayyace nahawunsu, don haka tsofaffin misalan duk hannun jari ne da riba da dala miliyan kaza, kai kuma an ba ka hirar wasu samari a waya ka yi wa lamba, sai ka ga misalin da ke fayil da jimlar da ke gabanka kamar ba harshe ɗaya ba. Cikakken rubutun ma ba kyauta ba ne sai da lasisin LDC, cibiyar da ke rarraba shi, ɗan yanki ne kawai ake samu kyauta a cikin manhajar sarrafa harshe ta NLTK.

A cikin biyar zan ba shi huɗu. Jiya da dare na gwada rubuta wa "ci" irin wannan fayil don nishaɗi, ci tuwo, ci zaɓe, ci bashi, ci amana, ci kasuwa, ci mutunci, na kai ci gaba ina ta gardama da kaina ko ma a lissafa shi, sai aka ɗauke wuta.