Gargaɗi: sidi 2,850 na biya, aka sayar mini da sitatar motata

Assalamu alaikum 'yan uwa na Zango, musamman direbobi da masu tsofaffin motoci a Kumasi. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Jiya ne na ji an ce an ga mai gyaran motar da ya yaudare ni, a Asawase, yana leƙa bonet ɗin wani mai motar burodi, sai na ce in na ci gaba da yin shiru ni ma na zama abokin cutarsa. Sidi 2,850 ya ci mini. Ku sake karantawa, 2,850. Kuma abin da na saya da kuɗin kayana ne, na cikin motata.

Motar tsohuwar Hilux ce ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, ƙirar 1989, mai fetur, mai kafireto, mai cok ɗin hannu wanda ake jawowa. Da ita nake ɗauko masara da doya daga Ejura da Techiman. Shekara 17 ina tuƙa ta. Na faɗi haka ne don kada wani ya zo yana ce mini ban san mota ba. Na san mota. Ni nake juye baƙin maina, ni nake wanke fulogina.

Tun da hunturu ya sauko a Disamba ta fara yi mini gardama da asuba. In murɗa makulli, sai in ji "kat" sau ɗaya, shi ke nan, shiru. Wata rana ta juya da nauyi kamar tsoho mai ciwon baya, ta juya ta juya ba ta kama wuta ba. Amma da rana ta ɗaga, bugu ɗaya ta tashi. Sanyin Kumasi bai kai na Tamale ko Bawku ba, kowa ya sani, amma ya ishi tsohuwar mota. Da sanyi baƙin mai yana yin kauri, batir yana rage ƙarfi, fetur kuma ba ya saurin zama tururi, shi ya sa ake jan cok ya toshe iska man ya yi yawa har inji ya ɗumama. Duk na san wannan. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Mako biyu mutanen masallacinmu a Aboabo suna tura ni bayan sallar asuba, har da dattawa. Mai kokon bakin layi tana ganina sai ta ce, "Alhaji, yau ma sai an taya?" A wannan hali mutumin ya same ni.

Sidi 50 ɗin nan, shi nake ta juyawa a kaina. Ya fito daga masallaci, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba, ya ce, "Kawu, buɗe mini bonet in saurara." Na buɗe. Ya ce murɗa. Na murɗa, ta yi "kat". Ya rufe ido ya karkata kai kamar likita, ya ce sitata, wato abin da ke juya inji ya tayar da mota, gawa ce: bendis da ke cikinta ya tafi, armacarta ta ƙone. Na ciro sidi 50 na miƙa masa na dubawa. Ya ja da baya, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Haba Kawu, ka girmi babana, in karɓi kuɗinka don na saurari mota?" Wallahi a nan ya gama da ni. Ku gaya mini wane ne a cikinku ba zai yarda ba. Mutum ya ƙi sidi 50, da Hausarsa tsab, yana kiran sunayen unguwanni da mutanen da na sani. Ashe ya ƙi 50 ne don ya ci 2,850.

Ya ce yana da ɗan uwa a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, da ya buɗe kwantena daga tashar jirgin ruwa ta Tema, akwai sitata ta Japan, an yi amfani da ita kaɗan, sidi 1,800. Na tura kuɗin ta MoMo, wato ta waya, ranar Talata. A'a, Litinin da dare ne, don Talata ce ya zo ya kwance tsohuwar ya tafi da ita, wai zai gwada haƙoranta da na sabuwar. Sunan da ya fito a wayata na mace ne. Na tambaya, kada ku ce ban tambaya ba. Ya ce na matarsa ne, layinsa yana da matsala. Rabin mutanen da nake ciniki da su a Ejura da layin matansu ko 'ya'yansu suke karɓar kuɗi. Me zai sa in yi zargi?

Sai maganar cok. Wannan ya kawo ta ne kafin ya kwance sitatar, ina jin tun ranar farko ya fara shuka ta. Ya ce cok ɗin hannu tsohon yayi ne, akwai na zamani mai aiki da kansa, sidi 650. Da kuɗin aiki da na zirga-zirga 400. Wannan 400 a hannu na ba shi, gaban yaron motata. 1,800 da 650 da 400. Kuɗin da na ware ne na makarantar yara na Janairu, uwargida ba ta san na taɓa ba sai shekaranjiya.

Ya dawo da sitata baƙa wuluk tana ƙyalli, a naɗe cikin leda. Ya ɗaura ta da ƙarfe 2 na rana. Ku lura, ƙarfe 2 na rana, rana ta gasa ƙarfen motar tun safe. Ya ce, "Kawu, bismillah." Bugu ɗaya ta tashi. Har addu'a na yi masa. Motar da dama can da rana ba ta taɓa ƙin tashi ba! Da na ce ya bari sai asuba mu gwada kafin in cika masa kuɗi, da ban zauna ina wannan rubutu ba. Amma wa zai ce wa mutumin da ya ƙi sidi 50 ya dawo da asuba kamar ɓarawo?

Gaskiya kwana biyu ta tashi da safe, da ƙyar dai amma ta tashi. Sai baƙin hayaƙi ya fara fita ta salansa, warin fetur har cikin mota, tanki yana sauka kamar an huda shi. A hawan Mampong ta riƙa tari tana shaƙewa, in taka totur ta ƙi ja. Na kira shi, ya ce sabon cok ne yake koyon injin. Koyon inji! Ni kuma na ce to. Washegari a Ejura, da buhunan masara a baya, ƙarfe 5 na asuba na murɗa makulli: "kat". Na kira, waya a kashe. Har yau a kashe take, ya kuma toshe ni a WhatsApp.

Masu dako suka tura ni, na lallaɓa na iso Kumasi ban yarda na kashe ta a hanya ba, na wuce Magazine wurin wani dattijon makaniki, Masta, da mahaifina yake zuwa. Da can ɗin na fara zuwa. Na sani, ba sai kun faɗa ba. Nisa da cunkoson hanyar Suame ne suka hana ni, da kuma son araha.

Masta ya kwance sitatar, ya shinshina, ya kankare fentin da sukundireba. Sai ga walda a kunnenta, inda ƙusa take shiga. Waldar nan ni na riƙe wa mahaifina fitila ranar da aka yi ta. Sitatata ce. Tawa. Ko maiƙon jikinta bai wanke ba, a kansa ya fesa fenti. Yaran gareji suka juya baya suna dariya, Masta ya daka musu tsawa, amma na gani. Sidi 1,800 na fentin gwangwani.

Cok na zamani kuwa, ya yanke kebul ɗin cok ɗina, ya sa wayar ɗaure kaya ya ɗaure marfin kafireto ya kusa rufewa. Wato mota tana tafiya da cok a jawe dare da rana. Shi ya kawo hayaƙin da shan man, fulogi huɗu duk sun yi baƙi ƙirin. Ya kuma manna wani ɗan akwati a gefen inji da wayoyi biyu da ba su haɗu da komai ba.

Kun san ainihin ciwon motar? Masta ya ce in kunna fitilun gaba in murɗa makulli. Suka dushe kamar za su mutu. Ya auna ƙarfin wutar batir, bolt 12.5, lafiyarsa ƙalau. Babbar wayar da ke haɗa batir da jikin mota ce ta ci tsatsa, kan batir kuma ya yi farin gari, wuta ba ta wucewa sosai. Burushin sitata ya cinye. Matatar iska ta cika da ƙurar hunturu. Shi ke nan. Da burushi, da waya, da sabon kebul na cok, da aiki, sidi 260. Na biya 2,850 a kan ciwon 260. Yanzu in ja cok, in murɗa, ta tashi, in ta ɗumama in mayar da shi ciki, kamar yadda mahaifina ya koya mini.

Ku dai kada ku bari a tafi da tsohon kayanku ba ku yi masa alama ba. Motar da take ƙin tashi da asuba, da asuba ake gwada gyaranta, kafin a biya. Ku duba kan batir da wayoyi kafin wani ya ce muku sitata ta mutu.

Ba zan saka sunansa a nan ba, na kai ƙara an ce in bari a yi bincike, kuma wa ya sani ko sunan da ya ba ni ma nasa ne. Amma saƙon MoMo yana nan, da saƙonnin muryarsa yana "Kawu, Kawu", da hoton waldar, zan ɗora su in yarona ya dawo ya rufe mini lambobin. Mai motar burodin Asawase, in kana karanta wannan ko wani ya san ka, ka neme ni kafin ka tura ko sisi. Ɗan akwatin nan na sidi 650 yana gabana yanzu, na fasa shi da sifana ɗazu. Kwali ne a ciki da ƙusa biyu don ya yi nauyi. Allah ya isa.